Ranar da Inna Ta Wanke Wayar Yaya Muntari

Wayar da Yaya Muntari ya sayo a Gusau bayan ƙaramar Sallah, a shekarar 2017, ni na fara riƙe ta a gidanmu na Dareta. Ba don ina da rawar kai ba. Kwalin ne ya zo da Turanci ciki da waje, ni kuma ni kaɗai na gama sakandare a gidan, sai ya miƙo min ya ce, "Ummu, karanta muna mu ji abin da sunka ce."

Baƙa ce, doguwa, gabanta gilashi bayanta gilashi, gefenta ya lanƙwasa kamar bakin faranti. Ba maɓalli ko ɗaya a fuskarta. In ka taɓa ta sai ta farka, in ka ja yatsa sai hotuna su bi ka kamar kaji sun ga tsaba. Haskenta ko a tsakar rana ana ganin rubutu. Kamararta kuwa ba ta da kara, har furfurar da ke gemun Yaya, wadda yake musun akwai ta, sai da ta fito da ita.

Amma tana da nata halin. Santsi gare ta kamar jiƙaƙƙen sabulu, in ka ajiye ta a kan buhu sai ta sulale. Duk wanda ya taɓa ta sai ya bar shatin yatsunsa a bayanta. Wurin ɗora yatsa don ta buɗe ba ya shiri da babban yatsan Yaya, don ya tsattsage da aiki, sai da na shirya mishi zanen sirri da ake ja a kan gilashin. Caji kuma ba ya kai mata kwana biyu. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ba ta da murfin baya. Ba a cire batir, kuma babu inda ake sa memori. A liƙe take ruf.

Wannan rashin wurin memori shi ne tushen labarin nan.

Yaya yana da ɗiya, Dija, 'yar farinsu shi da matarsa Hure. Dija ta rasu a 2010, shekarar gubar dalma, tana da shekara biyu da rabi. Lokacin a cikin gidaje ake daka duwatsun zinari, ƙurar tana sauka a kan tabarmi da kwanoni, yara suna rarrafe a ciki suna sa hannu a baki. Ba mu sani ba. Yara sunka riƙa jijjiga suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Daga baya likitoci sunka zo, anka kankare ƙasar gidajenmu anka zuba sabuwa, anka koya muna dokoki: dutse ba ya shiga gida, kayan aiki su tsaya a zaure, duk abin da ya dawo daga wurin niƙa a wanke shi kafin yaro ya taɓa. Inna, mahaifiyarmu, ta riƙe dokokin nan fiye da kowa a garin. A turminta anka daka wasu daga cikin duwatsun. Da hannunta ta fitar da turmin nan daga gidan, ba ta sake maganarsa ba.

Hoton Dija ɗaya ne a duniya. Wani abokin Yaya ya ɗauke ta ranar Sallah da ƙaramar waya, tana zaune a tabarma da takalmi ƙafa ɗaya, tana riƙe da guntun rake. Hoton ya yi shekara bakwai a memori yana bin Yaya daga waya zuwa waya. Da ya sayi sabuwar, mai shagon ya tura mishi hoton cikinta. Tsohuwar wayar da memorin Yaya ya ba abokinsa Hammadu na ruga, shi kuma ya sa anka goge komai anka cika mishi da wa'azi. Sai da ya yi wata guda kafin Yaya ya tuna. Ke nan Dija ta saura wuri ɗaya, cikin gilashin nan mai santsi.

Hure ba ta taɓa cewa a nuna mata hoton ba. Dija 'yar fari ce, tun tana raye Hure ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban Inna. Bayan ta rasu kuma kunyar ba ta tafi ba, sai ma ta ƙaru. Amma faifan sola a kan rufin ɗakina yake, a can ake caji. In Yaya ya fita masallaci ya bar wayar, sai Hure ta leƙo ta ce, "'Yar boko, abin nan ya cika kuwa?" Ni kuma sai in ja zanen, in buɗo hoton, in buɗa yatsu biyu a kai har fuskar ta cika gilashin, in ajiye a kan tabarma, in ce bari in dubo akuya. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da ita. Ina jin ko Yaya bai sani ba.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, cikin damina, kwana uku rana ba ta fito sosai ba. Yaya ya dawo daga wurin niƙa da hantsi, don yanzu sayen zinari yake yi, ba haƙa ba. Ya tuɓe kayan aiki a zaure kamar kullum, ya yi wanka, sai ga mai babur ya zo ɗaukarsa zuwa ɗaurin aure a Abare. Da gaggawa ya fita. Wayar ya manta ta a kan rigar aikin.

Ina tankaɗe a ƙofar ɗaki na ji Inna ta yi salati da ƙarfi. Luba ce, autar Hure, mai shekara ɗaya da wata biyar, ta yi tatata har zaure, ta dawo da wayar a hannu biyu, ta sa kusurwarta a baki. Bayan gilashin duk jar ƙura.

Inna ta fizge wayar, ta cicciɓi Luba ta wanke mata baki da hannu sau uku, yarinyar tana tsala ihu. Ta miƙa wa Hure ita. Ni na zaci an gama. Ina ɗagowa na ga Inna ta durƙusa gaban robar wanke-wanke, ta tsoma wayar cikin ruwan kumfa, ta ɗauki soso.

Na buɗe baki, maganar ba ta fito ba. Haka nake tun ina ƙarama, a aji ma in malam ya kira sunana sai amsar ta maƙale. Ina kallo ta cuɗa gaba, ta cuɗa baya, ta bi gefe da gefe, har ramin caji sai da ta sa tsinken tsintsiya. Gilashin ya yi haske a cikin ruwan, hotuna suna tsalle su kaɗai, suna buɗewa suna rufewa. Ta ɗauraye da ruwan randa. Kafin ta gama sharce ruwan, fuskar ta yi baƙi.

"To," in ji Inna. "Yanzu ta zama ta shiga gida."

"Inna, waya ce fa," na ce, da ƙyar.

"Na sani waya ce, ai ba makauniya nike ba. In Muntari ya sayo ta da kuɗi, ita wagga ɗiya a kasuwa anka sayo ta?"

Na karɓa na danna maɓallin gefe. Shiru. Na daɗe ina dannawa. Shiru.

Na kalli Hure. Tana tsaye da Luba a kafaɗa, tana bubbuga bayanta, idonta a kan hannuna. Ta goya yarinyar, ta koma wurin turmi ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da surfe. Na san yadda Hure take daka, da waƙa-waƙa a ƙasan maƙoshi, tana cilla taɓarya tana tafi. Ranar dakan kawai take yi, wani bugun a tsakiya, wani a gefen turmi, gero yana zuba ƙasa kaji suna ci, ba ta kore su ba.

Na shiga ɗaki na goge wayar da ɗankwali mai laushi, na jona ta da cajin sola. Can sai wani abu ya fito a tsakiyar baƙin gilashin, alamar ɗigon ruwa, da ɗan rubutu a ƙasa, ta yi ƙara siririya kamar ta ɗan tsako, ta sake mutuwa. Na zauna na tuno abin da na karanta a takardar kwali. Sun ce ruwa ba ya shigarta, ko ta faɗa ciki, har rabin awa. Sun ce in ramin caji ya jiƙe za ta ƙi caji sai ya bushe. Amma na tuna sun rubuta ruwa mai tsabta. Ba su ce komai a kan omo da soso da tsinken tsintsiya ba. Wanda ya rubuta takardar nan bai san Inna ba.

Ina nan zaune sai na ji sallamar Kawu Audu, ƙanen Inna. Shi ne mai gyaran komai a unguwarmu, rediyo, tocila, fitila, famfon feshi. Inna ta aika an kira shi, don ta fara jin abin a jikinta, ko da ba ta nuna ba.

"Ina gawar take?" ya ce, yana dariya, ya dubi Inna. "Yaya, ke kam ba dama. Gobe sai ki wanke babur ɗin har cikin tanki."

"In ya shigo min gida da ƙura, wanke shi zan yi. Kai dai duba ka gani."

Na fito na miƙa mishi. Ya juya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya sa farce yana neman bakin murfi.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne. Waya in ta sha ruwa, a cire batir, a shanya a rana, a kwantar da ita cikin gero ta kwana. Tawa sau biyu tana faɗawa rijiya, ga ta nan tana magana." Ya sake zagayawa da farce. "Kai, waɗannan mutane da mugunta suke. Sun ɓoye murfin."

"Kawu, ba ta da murfi."

"Ummukulsum, akwai abin da anka rufe wanda ba a buɗewa? To ta ina sunka sa batirin, ta hanci?"

Ya laluba aljihu ya fito da 'yar wuƙarsa ta gyara, wadda bakinta ya siranta don wasawa. Ya zauna a kan kujerar tsugunno, ya dafe wayar a gwiwa, ya sa tsinin wuƙar a layin da gilashin baya ya haɗu da ƙarfen gefe.

Dakan Hure ya tsaya.

Ban san lokacin da na taka ba. Na dai ga hannuna a kan wayar, a ƙarƙashin wuƙar, har tsinin ya taɓa min yatsa.

"A'a, Kawu."

Ya ɗago ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Inna ma ta dube ni. Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.

"Ke, mi ne haka? Kawun naki kike riƙe wa hannu?" in ji Inna.

"Ku yi haƙuri. Da danƙo anka liƙe ta, shi ke hana ruwa shiga. In anka ɓalle, gilashin zai fashe, ruwan da ke waje ya shiga ciki. Ba ta mutu ba. Caji ne ya ƙare, kwana uku ba rana. Na jona ta, ta nuna ɗigon ruwa."

"To kin ji!" Kawu ya buga cinya. "Ita da bakinta ta ce akwai ruwa cikinta. Mi kike so kuma, ta rubuto takarda?"

"Cewa ta yi a jira ramin caji ya bushe."

"A jira. Ruwa shina cin ƙarfe, ke kina a jira. Boko dai ta iya sa mutum shi ga wuta shi ce a bari ta huce."

Ban ɗauke hannun ba. Na rasa abin da zan ce ya ji. Sai gaskiyar ta fito da kanta.

"Hoton Dija na ciki. Shi kaɗai ne. Babu wani."

Shekaru ke nan ban ji an faɗi sunan nan da rana tsaka ba. Kawu ya janye wuƙar a hankali, ya ninke ta. Inna ta nemi bakin randa ta dafa.

"Wane hoto?" ta ce.

"Na ranar Sallah. Tana riƙe da rake."

"Akwai hotonta, ba a taɓa faɗa min ba?"

"Yaya ya ce kar a tayar miki da hankali."

Inna ta dubi hannayenta, har yanzu da sauran kumfa a wuyan hannun. Ba ta dubi Hure ba, Hure ma ba ta dube ta ba. Kawu ya miƙo min wayar da hannu biyu.

"To malama, ya za a yi?"

Na ce a tsayar da ita, ramin caji yana kallon ƙasa, a inuwa inda iska ke bi, ba a rana ba. Munka jingine ta da ƙwarya a kan taga. Kawu bai tafi ba. Ya ciro mafici ya zauna yana yi mata fifita kamar mai jinya, yana cewa shi dai har yanzu da an sa ta a gero da ya fi samun natsuwa. Inna ta ce ya rufa mata baki. Ta ɗauko tasbaha ta zauna a inuwar rumbu. Abincin rana ranar bai samu gishiri ba, ba wanda ya yi magana.

Bayan azahar na sake jonawa. Ɗigon ruwan ya sake fitowa. Na fara tunanin ko Kawu ne da gaskiya, ko ruwan omo yana can yana cin abin da ke ciki, ni kuma na hana a ceto shi saboda wata takarda. In haka ne, ba Inna ce ta ɓatar da Dija ba, ni ce. Na fito na ce, "Saura kaɗan," kamar na sani.

Hure ta zo wucewa da tulu, ta rage tafiya kusa da ni, ba ta juyo ba.

"'Yar boko, kin tabbata?"

"Ban tabbata ba."

Ta gyaɗa kai ta wuce.

Rana ta ɗan leƙo wajen la'asar. Na yi sallah, na zauna a kan dardumar na ƙi tashi, don ina tsoron gwadawa. Kawu ne ya leƙo ya ce, "In ba ki jona ba ni zan jona, kuma kin san hannuna." Na tashi na jona.

Babu ɗigo. Babu komai ma, baƙi kawai. Na ƙirga a zuciyata har ashirin. Sai ga hoton batir, fanko, da ɗan jan layi a gindinsa, da alamar walƙiya a tsakiya.

"Tana ci," na ce.

"Tana mi?" Inna ta taso.

"Tana cin caji, Inna."

Sai da munka ƙara jira kafin ta yarda ta kunnu. Ta yi kiɗan buɗewarta, amma muryar a shaƙe kamar mai mura, don sifikar ba ta gama bushewa ba. Kawu ya ce, "Ai dole, wanka da ruwan randa a damina." Na ja zanen. Na kuskure, na sake. Ta buɗe. Na shiga wurin hotuna, na wuce na duwatsu da sikeli da na babur, na gangara can ƙasa.

Tana nan. Takalmi ƙafa ɗaya, rake a hannu.

Na zauna daɓas a ƙasa. Sai lokacin na ji zafin inda wuƙar ta taɓa ni.

Inna ta goge hannunta a zani har sau biyu kafin ta karɓa. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta matso da ita, ta sake nesanta. Na miƙa hannu na buɗa yatsu biyu a kan gilashin, fuskar ta girma. Hoton tsohuwar waya ne, in ya girma sai ya yi dishi-dishi, amma goshin yana nan, da kunnuwan Yaya.

"Ƙawata," in ji Inna, a hankali. "Ji ta da rowa. Ko gutsuren raken ba ta ba ni ba ranar nan."

Ta daɗe tana kallo. Sannan, ba tare da ta waiwaya ba, ta ce, "Hure, zo ki riƙe min abin ga, santsi gare shi, kar in yar."

Hure ta zo. Ta durƙusa gefen Inna ta karɓa da hannu biyu. Inna ta tashi ta ce ita za ta je ta ga ko an ɗaure awaki, ta ja Kawu da hannun riga sunka fita. Ni ma na bi su.

Da Yaya ya dawo gab da magariba, a zaure Inna ta tare shi, tun kafin ya sauke hula.

"Na wanke maka waya."

"Kin yi mi?"

"Da omo. Kuma in ka sake barinta a kan rigar aiki, sake wankewa zan yi. Ɗiyarka ta sa ta a baki."

Ya dube ni, fuskarsa ta canza. Na ɗaga mishi wayar, gilashin yana haske. Ya sauke numfashi, ya jingina da bango, ya fara dariyar da ba ta da sauti.

"Gobe akwai motar Anka," in ji Inna. "Ka tahi da Ummu wurin masu hoto, a fitar da yarinyar nan a takarda. Guda uku. Ɗaya nawa."

"Sauran biyun fa?"

"Kai dai a fitar da uku."

Washegari da safe munka hau mota. Wayar tana cikin jakata, na naɗe ta da ɗankwali, na rungume jakar har Anka.